Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malaman Tahoua: takaba kwana 130 ce, wa'adin takarda kwana 60

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Na san ba a saba mace ta yi muku magana a bainar jama'a ba. An fi sanin ta aiki ɗanta ko ƙanenta ya durƙusa a zaure ya isar da saƙo. Na gwada hakan. Yaron ya dawo ya ce Malam ya sa albarka, ya ce za a duba. Ban ga laifin kowa ba, saƙon ne ya fi ƙarfin bakin yaro, shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina.

Ni tsohuwar malamar lakol ce. Na fi shekara 30 ina riƙe da alli, daga ƙauyukan Illela zuwa Keita, har na ajiye aiki a nan cikin gari. Maigidana ya rasu shekara 6 ke nan. Tun daga lokacin, ba wanda ya naɗa ni, na zama wadda matan unguwa suke kawo wa leda. Baƙar leda irin ta cefane, a ƙulle, mace ta zaro ta daga ƙarƙashin hijabi ta ajiye a gabana ta ce, "Malama, duba mini, an ce akwai abin da ya bari." Wani lokaci in tarar da takardun albashi na shekaru. Wani lokaci takardun biyan wuta da ruwa ne kawai, da katin rigakafin yara. Na taɓa ganin takardar fili da gara ta cinye daidai wurin da lambar take. Abin da ba kasafai nake samu a ledar ba shi ne takardu biyu da za a fara tambayarta a duk ofishin da ta shiga, wato ta aurenta da ta mutuwar mijinta.

Za ku ce ina ruwan liman da takardar magajin gari. Ku kuke ɗaura aure, ku kuke raɗa suna, ku kuke sallatar gawa, ku kuke raba gado. Babu minista ko gwamnan da yake halartar waɗannan huɗu a rayuwar talaka, kuma a waɗannan huɗu ne ake shirya ko a ɓata tsufan mace. Mutumin da ba zai saurari sanarwar rediyo ba, in kun yi magana bayan sallar asuba zai je gida yana maimaita ta.

Ga lissafin da ya hana ni barci. Dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa da aka yi a 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, kuma kai sanarwar kyauta ne. In wa'adin ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. To ku ɗora wannan a kan lissafin da kuka fi ni sani. Allah ya ce a Suratul Baƙara matar da mijinta ya rasu ta zauna wata 4 da kwana 10, kusan kwana 130 ke nan. Ranar da ta yi wankan fita takaba, wa'adin takarda ya wuce da fiye da wata 2. Ita ce ta fi kowa buƙatar takardar nan, ita ce kuma take ɗaki da carbi a hannu. Mazan da suka cika ƙofar gida ranar uku da ranar bakwai sun watse, kowa yana zaton wani ya je. In a likita aka cika, da ɗan sauƙi, don ana iya kai sanarwa tun daga can. Amma da yawan mutanenmu a gida suke cikawa, a yi musu sutura a kai su kafin azahar, ba wanda ya rubuta ko kwanan wata.

Abin da aka koya mini a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne mai takaba tana iya fita da rana don buƙatarta, ta dawo ta kwana ɗakinta. In na yi kuskure ku gyara mini. In kuwa haka ne, don Allah ku faɗe shi da ƙarfi, domin abin da tsofaffi suke gaya wa yarinyar da ta shiga takaba daban ne: kada ki taka zaure, kada ki ɗaga murya, ga 'yar wuƙa ki riƙe. An koya mata riƙon wuƙa, ba a gaya mata kwana 60 suna tafiya ba.

Bari in ba ku labarin maƙwabciyata, ba zan kama suna ba. Amarya ce a gidan wani direba da ya yi aikin kamfani har ya yi ritaya. Shekara 19 suna tare, 'ya'ya 5. An ɗaura auren a ƙofar gidan ubanta, an raba goro da dabino, unguwa duk ta shaida. Da ya rasu ta fita takaba, na raka ta wani ofis da ledarta. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe takardun mamacin, ya juyo da su ya nuna mini da biro. Sunan uwargida ne kaɗai a ciki, don auren farko ne kaɗai aka rubuta, lokacin da ake neman kuɗin iyali. Ya ce, "Hajiya, ban ce ba matarsa ba ce. Amma ni abin da ke rubuce nake biya." Ta dube ni ta ce, "Malama, to yaran nan biyar daga ina na samo su?" Ban sami abin ce mata ba. Waliyyinta ya rasu, limamin da ya ɗaura auren ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun yana Abidjan. Kafin a samo dattawa biyu da suka halarci ɗaurin auren, a kai su kotu, a jira ranar zama, a ɗaga, a sake komawa, shekara ta zagayo har ta ɗora. A cikin wannan shekarar ta sayar da awakinta, ta sayar da kwanonin jerenta, daga ƙarshe ta sayar da keken ɗinki, wanda da shi ne take samun na cefane. Ranar da kuɗin suka fara fitowa ba ta da sauran abin da za ta juya su da shi. Takardar da ta jawo mata wannan duka, da an karɓe ta a makon biki, ko dala ba za a biya ba.

Kuma kada a zaci abin da ake wa wannan wahalar wata dukiya ce. Fanshon ma'aikacin gwamnati yana hannun hukumar fansho ta CARENI, na ma'aikacin kamfani yana hannun hukumar CNSS, wadda take aiki tun 1965. In mai fansho ya rasu, rabin abin da yake karɓa ake ba matarsa, in mata biyu ne ko uku su raba rabin nan a tsakaninsu. A ce yana karɓar jika 80 a wata, wato sefa 80.000. Daga ranar da ya kwanta dama ya koma jika 40, in su biyu ne kowacce jika 20. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya lebura tun farkon 2024 jika 42 ne, ku kwatanta. Marayu ƙanana suna da nasu kason, amma kowane sai da takardar haihuwarsa. Sannan akwai takardar zaman iyali da ake yi a kotu, inda ake fitar da wakilin magada, akwai kuma shaidar da ake nema lokaci-lokaci cewa tana raye kuma ba ta sake aure ba. Duk wannan mace za ta bi, wadda wataƙila ba ta taɓa shiga ofis ba sai ranar da ta je karɓar katin zaɓe.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Ban kawo wannan don tayar da wata muhawara ba, lissafi kawai nake. Yarinyar da aka aurar tana 16 ga mai shekara 30, ko ta shigo a ta biyu ko ta uku ga mai 45, in Allah ya ba kowa tsawon rai, ita za ta yi takaba, kuma tana iya yin shekara 20 ko 30 a bayansa. Rai a hannun Allah yake, na sani, yaro yana riga babba. Amma ku duba sahun mata ranar Idi, ku duba tsofaffin da suke zaune bakin masallaci ranar Juma'a da ƙwarya a gabansu, ku ƙirga maza nawa mata nawa.

Yanzu in koma kan kaina, kada a ce laifin rashin boko ne kawai. Ni na yi boko, ina jin Faransanci, na koya wa ɗaruruwan yara lissafi. Shekara 34 na yi da maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, makullinsa yana tare da na babur. In na tambaye shi me ke ciki, sai ya yi dariya ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bayan sadakar bakwai muka buɗe shi da babban ɗana. Akwai takardar wani fili a Yamai da ya biya rabi, ban taɓa jin labarinsa ba. Akwai littafin banki na asusun da ban san da shi ba. Akwai wani ƙaramin littafi na 'yan lakol, shafi uku cike da lambobi, kowace lamba da harafi ɗaya ko biyu a gabanta. Har yau ban sani ba, su suke binsa ko shi yake binsu. Mutum biyu suka zo suka ce suna binsa, muka biya ba musu, don ba ma so a riƙe shi a kabari. Mutum ɗaya tak ya zo ya ce marigayi yana binsa jika 30, ya kawo, Allah ya saka masa da Aljanna. Sauran haruffan suna nan a littafin, ina jin wasunsu suna gaishe ni a hanya.

Ba mugunta ce ta sa shi haka ba, tarbiyya ce. An taso da mazanmu a kan cewa mace in ta san abin da kake da shi za ta ƙara kuɗin cefane, in kishiyarta ta ji za a yi rigima, in danginta suka ji za su yi layi. Ana kuma ganin wanda ya yi maganar abin da zai bari kamar yana kiran mutuwa ne. Wannan ne wurin da nake ganin maganarku za ta yi aikin da tamu ba za ta yi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya ce bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba sai wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya ba da mafi yawan dukiyarsa sadaka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya gaya masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ni ba malama ba ce ta wannan fanni, a bakinku na ji su. Abin da ban cika ji ba shi ne a sauko da su daga mumbari zuwa akwatin ƙarƙashin gado, a ce wa maigida: ka zaunar da matarka, ko matanka, ka nuna musu takardar gida, ka faɗa musu bankin da kake ajiya, ka rubuta wa kake bi wa yake binka da cikakken suna.

Maganar banki ba wasa ba ce. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa yakan tsayar da asusu sai magada sun kawo takardu, wannan daidai ne. Amma asusun da ba wanda ya san da shi fa? A ƙasashenmu masu amfani da sefa, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da kuɗinsa babban banki, BCEAO. Magada suna da damar nema, sai dai ba a neman abin da ba a san da shi ba. Yanzu kuma ga na waya. Mutum yana da jika 200 a cikin salula, lambar sirrin tana kansa shi kaɗai, a binne shi da ita, wayar kuma wani ƙane ya zare layin ya sa nasa.

Duk abin da na faɗa a kan fansho ya shafi 'yan kaɗan ne. Mafi yawan mazan Adar ba su da albashi balle fansho. Manoma ne, masu albasa ne a Galmi da fadamun Madawa, 'yan kasuwa ne, 'yan bida ne da suke Abidjan ko Libiya ko Aljeriya ko Najeriya. Matar ɗan bida ta saba da aike, duk wata ko wata biyu ta je ta karɓa, ranar da aike ya tsaya komai ya tsaya. In a can ya rasu, labari ne kawai yake zuwa ta waya. Shagonsa da kayansa suna hannun abokin zamansa, abin da ya ga dama ya aiko shi ne gado. Na san masu amana a cikinsu, waɗanda suka kawo har canjin da ke aljihun mamaci. Na kuma san wanda aka ce ya rasu bai bar komai ba, shekara ba ta zagayo ba abokin cinikinsa ya gina bene.

Ga waɗannan mata, gado shi ne fanshonsu, kuma gado a hannunku yake. Ko a kotu, maganar gado al'adar mutane ake bi, alƙali yana zama da mashawarta, da yawansu daga cikinku ne. Rabon mace a bayyane yake a Suratun Nisa'i: rubu'i in mamaci ba shi da ɗa, tumuni in yana da shi, kishiyoyi kuma su raba. Gidan da aka yi wa kuɗi miliyan 8, tumunin takaba miliyan 1 ne, in su biyu ne jika 500 kowacce. Ba ni da ja da rabon Allah. Abin da nake kuka da shi shi ne ko wannan ɗin ba ya isa hannunta. Sai a ce a bar gida haka kada a raba zumunci, a bar gona a hannun baffan yara har su girma. Shekara 10, shekara 15, yara sun girma, baffa ya rasu, 'ya'yansa sun ce su a hannun ubansu suka ga gona. A ƙauye kuma har yanzu akwai inda ake cewa mace ba ta gadon ƙasa, a sallame ta da damin hatsi biyu. Wannan ba a cikin Littafi yake ba, kun fi ni sani. Tun 1993 ƙasar nan take da dokar filayen karkara, akwai kwamitocin filaye da suke ba da takardar shaidar gona ta gado ko ta kyauta ko ta jingina, amma ba a kai gare su sai an fara jifa da duwatsu.

Akwai kuma abin da ake mantawa ranar rabo. Ba duk abin da ke cikin gida ne na mamaci ba. Tunkiyar da ta saya da kuɗin adashinta tana turke ɗaya da nasa. Jika 100 da ta ranta masa ya cika kuɗin taki, ba shaida sai Allah. Sauran sadakinta da ya ce zai cika. Ɗakin da ta gina da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ranar rabo maza suna zaure, ita tana ciki, a tara komai a kira shi dukiyar marigayi. Roƙona shi ne malamin da zai raba gado kada ya buɗe littafi sai ya aika, ko ya tsaya daga bayan labule, ya tambaye ta da bakinsa: mene ne naki a gidan nan, me kike binsa? In an gama kuma a faɗa mata rabonta da kunnenta, a rubuta, a ba ta kofi ta ajiye.

In na ce a koya wa mata sanin kuɗi, wasu sai su ɗauka ina nufin mata ba su iya lissafi ba. Ku je kasuwar Lahadi ku gwada cutar mai sayar da daddawa da dala ɗaya ku gani. Matsalar daban take. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuma da tamma take magana. Abin da muke kira ɗari, takarda 500 take rubutawa. In na ce ɗari biyar, a rubuce 2.500 ne. Tsohuwar da ta ƙware a lissafin ka, in saƙo ya shigo wayarta da lambobi, sai ta miƙa wa yaro. Wata baiwar Allah ɗanta yana aiko mata daga Abidjan, jikanta yake zuwa karɓowa. Wata rana ta kawo mini wayar in duba mata wani abu, na ga saƙonnin, na ce, "Inna, jika 25 ake aiko miki ko?" Ta ce jika 15 dai. Wata bakwai ana haka. Ba ta yi kuka ba, ta ce kada in gaya wa uban yaron. Na zauna da ita kwana uku da gawayi a bangon ɗakinta, ta gane 10.000 da 15.000 da 25.000 da idonta, ta iya ƙirga sifili. Abin da ya raba ta da jika 70 bai wuce karatun kwana uku ba.

Mu nan ƙasar ba baƙin wannan ilimi ba ne. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da wajenta. Mata ne 20 ko 30 suke haɗuwa duk mako, kowacce ta zuba abin da aka yanke, a ranta wa mai buƙata, lokacin da aka ajiye ya cika a fasa asusu a raba. Na farkonsu ko rubutu ba sa yi, a ka suke riƙe lissafi, kowacce shaidar 'yar'uwarta ce. Matan da na ga takaba ba ta durƙusar da su ba, yawancinsu suna cikin irin wannan asusu, suna da 'yar sana'a da akuya biyu tun mijin yana raye. Na san wasunku suna da magana a kan ɗan ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen. To ku zauna da su ku nuna musu yadda za su yi shi ta hanyar halal, ko ciniki ne ko haɗin jari. In an ce haramun ne aka tashi ba a nuna wata ƙofa ba, ba fasa cin bashi za ta yi ba. Wurin mai ba da jika 10 a dawo masa da 12 ƙarshen wata za ta koma, wanda in an lissafa shekara ya kama kashi 240 cikin 100, alhali iyakar da aka sa wa ƙananan asusun ba da rance a 2014 kashi 24 ce a shekara. Haka kuma maigidan da ya hana matarsa sana'a don kada a ce ya gaza, ya kamata ya ji daga bakinku cewa ba zai dawwama yana kawo cefane ba.

Su ma masu shirin ritaya a yi musu nasiha, ko da a taƙaice. Mu da muka yi aiki a shekarun 1990 mun yi watanni ba albashi, mun ga an rufe bankin BDRN a 1990, mun wayi gari a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi. Shi ya sa da yawanmu ba mu yarda da ajiya ba, abin da ya shigo a ci. Amma fansho a kan gundarin albashi ake lissafa shi, alawus ba ya bin mutum gida. Na ga abokan aiki da suka ajiye alli suna gidan haya, da bashin banki a wuya, da yara shida a lakol, wani ma a shekarar ya ƙara aure. Ban ce haramun ya yi ba. Amarya dai da goyonta su za su zo mini da leda.

A wurin jana'iza kukan sa a yi shela, duk wanda yake bin marigayi bashi ya ga wane. Madalla da wannan. Ku ƙara jimla biyu a kai: duk wanda marigayi yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo, sannan wane ɗan wane shi aka ɗora wa kai sanarwar mutuwa gidan magajin gari, ranar sadakar bakwai zai nuna takarda. A kama suna a gaban jama'a, don aikin kowa da kowa ba mai yinsa. A wurin ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, ku ce wa wakilin ango aure ya ɗauru, saura rubutu, kuma ku tambaye shi in kun haɗu a masallaci. Ranar suna haka. Waɗanda suka daɗe da aure ba takarda, musamman mata na biyu da na uku, ku sa mazan su je kotu tun shaidu suna raye, in kuma an ji alƙalai za su fito zaman ba da takardu a ƙauyuka, a yi shelarsa a masallaci kamar yadda ake shelar ganin wata.

Sauran aikin mu za mu ɗauka. Muna nan da yawa, tsofaffin malaman lakol mata, muna zaune gida ba abin da muke sai jiran ƙarshen wata. Makarantun Islamiyya na matan aure sun cika unguwanni, daga Bilbis har Wadata, kuma maza sun yarda matansu su je can ko da ba sa barinsu zuwa wani wuri. Ku ba mu rabin awa bayan darasi, sau ɗaya a mako. Za mu koya musu karanta lamba, da juya tamma zuwa dala, da riƙe lambar sirri, da sanin takardun da ya kamata kowace mace ta ajiye kofinsu a cikin adakarta. Ku kuma ku turo ɗalibi ya karantar da su babin gado da na idda, su san haƙƙinsu daga majiya mai tushe. Ba ma neman ko dala, allo da alli kawai, allin ma ina da sauran kwali biyu. Na riga na yi magana da mata huɗu cikin abokan aikina sun amsa. Duk limamin da ya yarda, ya aiko a tambayi gidan Malama mai duba takardu, yaran unguwa za su nuna. Kowace rana ina gida in ban da Lahadi.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku a Musulunci,
tsohuwar malamar lakol, Tahoua